Ƙattin Baƙaƙe a Bangon Jos

Jos gari ne da baƙo kan karanta shi tun bai saurare shi ba. Wanda ya sauka a tashar Bauchi Road ya bi ta Zololo ya nufi Taminus, ko wanda ya shigo ta Farin Gada ya gangara Katako, kafin wani mahaluki ya ce masa sannu da zuwa, bangaye da turakun lantarki da ƙeyar motoci sun riga sun yi masa jawabi. Wannan takarda tana kiran sa wa'azi, waccan tana gayyatar sa taron addu'a na kwana uku, ta kusa da ita tana roƙon ƙuri'arsa, ta ƙarƙashinta kuwa, wadda ruwan damina ya fara cinyewa, albishir take yi masa da maganin basir. Masu waɗannan takardu ba su cika haɗuwa a kan ra'ayi ɗaya ba, wasunsu ma ba sa ga maciji da juna. Amma akwai abu guda da suka yi ittifaƙi a kansa ba tare da sun zauna taro ba, wato irin baƙaƙen da za su yi magana da su. Dukkansu dogaye ne, masu kauri, baƙi ƙirin, an matse su kafaɗa da kafaɗa kamar fasinjoji a bayan a-kori-kura ranar kasuwa. Ba su da 'yan ƙafafun nan na ado da mai karatu ya saba gani a haruffan littafi. A tsaye suke ƙyam, kowannensu ya buɗe murya iyakar ƙarfinsa.

Ma'aikatan ɗab'i sukan ba kowane iyali na haruffa sunansa, kamar yadda masaƙa kan ba kowace saƙa sunanta. A nan za mu kira irin wannan iyali da sunan zubi, domin asalinsa zuba shi ake yi da narkakken ƙarfe. Zubin da muke magana a kansa ba don littafi aka yi shi ba, kuma duk wanda ya gwada karanta shafi guda da aka cika da shi zai tashi da ciwon ido. An ƙirƙire shi ne a Ingila a farkon ƙarni na 19, lokacin da masana'antu suka yawaita, birane suka cika, kowane mai haja yana neman ya tsayar da mai wucewa. Har zuwa lokacin, haruffan maɗaba'a na mai zaune ne da littafi a cinya. Sai masu zubi irin su Robert Thorne suka shiga kumbura haruffa har suka zama ƙattai. A 1816 William Caslon na huɗu ya fito da harafin da aka yanke wa ƙafafun ado, a shekarun 1830 kuma aka soma matse irinsa. Da yake ƙaton harafin ƙarfe yana da nauyi da tsada, a wajen 1827 wani Ba'amurke mai suna Darius Wells ya fito da hanyar sassaƙa su da yawa daga katako, kuma da irin waɗannan ne aka daɗe ana buga manyan takardun talla a duniya.

Hikimar abin ba ta da wuyar ganewa. Tsawon harafi shi ke sa a hango shi daga nesa, faɗin takarda kuwa yana da iyaka, kuma kuɗi ake saye. To, idan aka rage wa harafi faɗi aka bar masa tsawonsa, aka kuma ƙara masa kauri don kada ya zama tsinke, sai a sami magana mai yawa a wuri kaɗan, wadda mai tafiya cikin mota zai karanta kafin ya wuce. Jaridu ne suka fi kowa cin moriyar wannan dabara, saboda ƙuncin layukansu. Morris Fuller Benton ya zana Alternate Gothic a Amurka a 1903. Walter Haettenschweiler ya yi nasa a Suwizalan a 1954, Fred Lambert ya yi Compacta a 1963 domin kamfanin Letraset, masu haruffan nan da ake gogawa a kan takarda su manne. A 1965 kuma Geoffrey Lee ya zana Impact, kamfanin Stephenson Blake na birnin Sheffield ya zuba shi. Burin mai zanen shi ne ya ɗora wa takarda tawada iyakar abin da za ta iya ɗauka. Wannan na ƙarshe shi ne sarkin bangon Jos, ba don ya fi sauran kyau ba, sai don kamfanin Microsoft ya cusa shi cikin kwamfutocinsa tun ƙarshen shekarun 1990, ya zamana duk yaron da ya buɗe shagon buga takardu ya tarar da shi a zaune yana jira.

Bari mu ɗan ratse. Ƙarfen da ake zuba haruffan ɗab'i da shi gauraye ne na dalma da ƙarfen tozali da kuza. Kuza kuwa ita ce ta haifi Jos. Dominta aka shimfiɗo ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso nan a 1914, dominta aka yi aikin tilas na 1942 zuwa 1944, kuma kafin a kafa masana'antar narka ta a Makeri a farkon shekarun 1960, Ingila ake kai ta a narke. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan cikin haruffan da aka yi odarsu daga Ingila zuwa maɗaba'un Nijeriya akwai ƙwayar da wani lebura ya wanko a kududdufin Bukuru. Ta tafi a buhu ba ta da suna, ta komo tana magana da Turanci.

Jos ta daɗe da sanin tawada. A nan 'yan mishan suka zaunar da maɗaba'arsu ta Niger Press, wadda ta buga littattafan Hausa masu yawa. A 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk na Jihar Binuwai-Filato, aka kafa jaridar The Nigeria Standard, aka kuma yi jaridar Hausa mai suna 'Yancin Ɗan Adam a wannan gari. Mu da muka tashi a ƙarshen shekarun 1980, za mu iya cewa rabin karatunmu na boko a titi muka yi shi. Malamin aji ya koya mana baƙi da wasali, amma inda muka gwada ƙarfinmu shi ne allon silimar Kwararafa, da kanun jaridun da ake bazawa a ƙasa a danne da duwatsu, manya na tsaye a kansu suna karatun kyauta, da kuma rubutun goshin manyan motoci. Yaro ba ya tsoron ƙaton harafi. Ƙananan rubutun littafi su ke ba shi tsoro, domin suna da yawa kuma suna kama da juna. Ƙaton kuwa kalma uku ce ko huɗu, ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya, ya ji ya ci gari. Don haka muna da tsohuwar ƙauna tsakaninmu da waɗannan baƙaƙe, kuma abin da za mu faɗa a kansu nan gaba maganar masoyi ce.

Hasali ma, Hausa ta fi Turanci bukatar matsattsen harafi. Mai rubuta kanun labari da Turanci yana da 'yancin zubar da ƙananan kalmomi, ya gutsure dogaye, ya bar ƙashin magana kawai. Bahaushe ba shi da wannan dama. Ba zai ce gwamna tafi ba, sai ya ce gwamna ya tafi, ko zai tafi, ko yana tafiya, domin a cikin waɗannan 'yan kalmomi ne lokaci da mai aiki suke zaune, in an cire su jimla ta mutu. Ga kuma kalmomi irin su gwamnati da majalisa da ma'aikata da zanga-zanga, waɗanda ba su san tsimin wuri ba. Editan Hausa kullum cikin rigimar fili yake, matsattsen zubi kuwa shi ne mai raba masa gardama.

Masu rubutun allo na da, waɗanda ke aiki da buroshi da fenti da igiyar alli, sun san wannan lissafi tun kwamfuta ba ta zo ba. Mutum zai auna allo, ya ƙirga haruffa, ya raba, sannan ya yanke wa kowane harafi rabonsa. Idan lissafi ya kuɓuce masa, sai ka ga kalma ta fara da ƙiba ta ƙare da rama, haruffan ƙarshe suna hawa kan juna kamar an koro su. Muna dariyar irin wannan a lokacin. Amma hannun nan yana da wata falala da ba mu lura da ita ba sai da ta tafi: babu harafin da ya gagare shi. Idan mai allon ya san ƙa'idar rubutun Hausa, ya ce a sa wa Ƙ ƙugiyarta, juyi ɗaya na buroshi ya wadatar.

A nan ne gizo ke saƙar. Hausa tana da sautuka da harshen Turanci bai san su ba, kuma an daɗe ana kai-kawo a kan yadda za a rubuta su da boko. Tun zamanin Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya tsara ƙa'idojinsa a 1912, wasu na ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu na rataya masa waƙafi a sama. Sai a ƙarshen shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya, aka tsaya a kan ɓ da ɗ da ƙ masu ƙugiya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939 ta kai su lungu-lungu. (Abin sha'awa, sunan jaridar kansa ba shi da ƙugiya ko ɗaya, sai dai Ganɗoki na Bello Kagara da 'Yancin Ɗan Adam ba su sami wannan sauƙi ba.) To, waɗanda suka zana ƙattin zubin da muka lissafa ba su yi su da Hausa a zuciya ba, kuma babu dalilin da zai sa a zarge su. Impact da ke cikin kwamfutocin shagunanmu ba shi da waɗannan haruffa. Idan aka matsa masa, kwamfuta sai ta aro harafin daga wani zubi dabam, sai ka ga Ƙ siririya tsamo-tsamo a tsakiyar ƙattai, kamar almajiri ya faɗo cikin 'yan dambe.

Matsalar ma ta wuce ta mantuwa, domin siffar zubin kanta tana gaba da ƙugiya. Ƙugiya wuri take so. A ƙaramin harafi, a saman sanda take lanƙwasawa, alhali matsattsen zubi gajarta sandunan yake yi don cikin harafi ya yi girma. A babban harafi kuwa, ƙugiyar Ɓ da ta Ɗ hagu suke leƙawa, wato daidai inda maƙwabcinsu ya manne musu, ta Ƙ kuma a kan hannunta na sama take, inda kauri ya riga ya cinye fili. Zubin da aka gina a kan kada a bar ko taƙi ɗaya na fari a banza, yaya zai yi da harafin da ke neman ya miƙa hannu?

Kwanakin baya mun kai aikin sanarwa wani shago a cikin gari. Abin da muke so a rubuta da manyan baƙaƙe shi ne TARON ƘARA WA JUNA SANI. Saurayin da ke kan kwamfutar, mai ladabi da saurin hannu, ya buga ya juyo mana da fuskar na'urar, sai ga KARA. Muka ce, “Samari, ai ka mai da taron namu fagen karawa. Malamai ne za su zo, ba 'yan kokawa ba.” Ya yi dariya ya ce, “Malam, wallahi babu ita a wannan rubutun. Kowa haka yake kai nasa, kuma mutane suna ganewa.” Muka ce a dai gwada. Ya yi shiru yana duban harafin, can sai ya kira J, ya yanke mata gindi a CorelDRAW, ya juya shi, ya rage, ya liƙa a hannun K. Aikin ya ci kusan kwata na awa, mutum uku suna jiran layi. Da ya gama ya ja da baya ya dube ta, ya ce, “Malam, ashe ma ta fi kyau.” Mun fita muna lissafi: kwata na awa saboda harafi ɗaya, a shagon da ake biyan kuɗin aiki ba na lokaci ba, ga man janareta yana ƙonewa. Wanda ya ce masu shaguna sakaci ne kawai ya hana su sa ƙugiya, bai zauna a kujerarsu ba.

Maganar saurayin nan cewa mutane suna ganewa ba ta rasa ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, amma muna karantawa lafiya, domin jimla tana fassara kalma. Bugu da ƙari, Hausar Jos ta kowa ce. Birom da Afizere da Anaguta da Angas da Tarok da sauran al'ummun Filato suna ciniki da ita, suna wa'azi da waƙar coci da ita, da yawa kuma a bakinsu ƙ da k duk ɗaya ne, kuma babu wanda ya isa ya ce Hausarsu ba Hausa ba ce. Sai dai kanun labari da allon talla ba su da jimlar da za ta yi musu fassara. Kalma uku ce a tsaye a rana, babu gaba babu baya, kuma mafi yawan masu ganinta ba za su karanta abin da ke ƙasa ba. Wato ke nan, wurin da Hausa ta fi ɗaga murya, ta fi kuma bukatar kowace alama tata, nan ne aka fi tuɓe mata su.

Akwai wata kalma da ta tattara wannan al'amari duka, har mutum ya yi zaton da gangan harshen ya shirya ta. Harafin da ba wasali ba, sunansa baƙi. Launin tawadar da ake buga shi da ita, baƙi. Mutanen da suka zo daga wani wuri, su ma a rubuce baƙi ne, ko da yake furucin ya bambanta. In an cire ƙugiya kuwa, dukkansu sun koma baki, wanda Hausawa suka ce shi ke yanka wuya. Duk wanda ya zauna a Jos ya san nauyin wannan kalma ta uku. Gardamar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, tana cikin abubuwan da suka jawo wa garin nan zubar da jini a 1994, da Satumbar 2001, da Nuwambar 2008, da Janairun 2010. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, unguwanni sun rabu, abokan makarantarmu na firamare da yawa sun koma inda ba mu cika zuwa ba, mu ma muna inda ba su cika zuwa ba. Ƙugiya ba ta haddasa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma da a ce an sa ta a kowane allo, da ba ta hana ba. Abin da muke cewa shi ne, garin da ya ɗanɗana abin da kalma ɗaya ke iya jawowa bai kamata ya riƙa rataya kalmomi masu fuska biyu a kan titunansa ba.

A ɗauki misali. A ce wata ƙungiyar zaman lafiya ta buga ƙyalle mai faɗin titi, ta rubuta MU KARE JUNA. Rubutun daidai yake, babu kuskure ko ɗaya, kariya ake nufi. Amma mai karatun da bango ya shekara talatin yana koya masa cewa K tana iya zama Ƙ, ba shi da tabbacin ba MU ƘARE JUNA aka ce ba. Zai gane manufar, ba shakka, amma sai ya yi murmushin da masu ƙyallen ba su nema ba. Wannan ita ce ɓarnar da ba a cika lura da ita ba: idan aka saba zubar da ƙugiya, har kalmar da ba ta taɓa mallakar ƙugiya ba sai ta shiga zargi. Kafa da ƙafa, bata da ɓata, kasa da ƙasa, dauri da ɗauri, kowace ta zama sai an yi mata shaida.

Muna ganin sakamakon a takardun jarrabawa. Ɗalibin da Hausa ce harshen uwarsa, wanda ba zai taɓa kuskuren furta ƙasa ba, sai ya cika shafi huɗu babu ƙugiya ko ɗaya, in an yi magana ya ce ai haka ake rubutawa. Gaskiyarsa, haka ya gani. Littafin aji ya ce masa abu ɗaya na minti arba'in, fostar fim da allon makaranta da ƙyallen ɗan takara suka ce masa wani abu dabam yini guda, da murya wadda ta ninka ta littafi sau ɗari. Ga kuma wata sabuwar ɗabi'a da ta ƙara dagula ido: mai aiki ya ɗauki harafi mai faɗi ya kama gefensa ya matse da ƙarfin na'ura, sandunan tsaye su rame, na kwance su kumbura, harafi ya fito kamar wanda mota ta bi ta kansa. Zubin da aka zana matsattse tun asali ba haka yake ba, domin mai zanensa ya auna kowace sanda ya ba ta kaurin da ya dace da ita.

Ba a zauna haka nan ba. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tsara abacada ɗaya domin harsunan Nijeriya, masana irin su Kay Williamson suka sa hannu, har shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya yi aiki a kan zubinta. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya samar da haruffan kwamfuta masu ƙugiya, marubuta da yawa suka huta da bin shafi da biro suna rataya ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Tsarin Unicode ya ba kowane ɗayan haruffanmu lambarsa tun farkon shekarun 1990, kuma zubi irin su Charis da Andika da Noto suna ɗauke da su kyauta. Sai dai galibin wannan ƙoƙari ya tafi ne wajen rubutun cikin shafi, wato muryar zance. Muryar shela, wadda yaro ke fara ji kuma mai wucewa ba ya jin wata sai ita, ita ce har yanzu take a hannun zubin da bai san mu ba.

Aikin da ya rage na mai zane ne, kuma ba shi da yawa: haruffa shida, takwas in an haɗa da ƴ da Ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke amfani da su. Amma kowannensu yana bukatar a yanke shawara. Ko dai a bar ƙugiyar Ɗ ta leƙa hagu a ƙara mata fili, a karɓi ɗan giɓin da zai bayyana a tsakiyar kalma, ko a naɗe ta ta kwanta a jikin sanda, a yi kasadar ta ɓace daga nesa, ko kuma a ɗaga ta ta haura layin da sauran haruffa suka tsaya. Tsofaffin masu buroshi da muka gani suna aiki wannan ta ukun suka fi yi, domin a saman layi ne kaɗai babu maƙwabcin da zai yi ƙorafi. A ganinmu sun fi kusa da daidai. Ƙugiyar da ta ɗago kai sama da sahu ana hango ta daga tsallaken titin Ahmadu Bello, kuma ba ta ci wa kowa faɗin takardarsa ba.